Daga Ciki Aka Buɗe Ƙofar

Whitechapel, London
23 ga Janairu, 1989

Zuwa ga Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da ɗawainiyar makaranta. Ki gaishe mini da Inna, ki ce autanta yana nan da rai, sanyi bai kashe shi ba tukuna.

Na san abin da idonki zai fara nema, don haka bari in sallame ki: Baba da sauƙi. Ina Italiya wajen bincike lokacin da abin ya faru, da na dawo na tarar har an sallamo shi daga asibiti. Yana gidansa na kusa da Regent's Park, Yaya Badaru na tare da shi, Damata na yi musu girki kamar kullum. Yaya Badaru ya ce jininsa ne ya hau ya ɗan faɗi. Ya kuma ce in ƙara jaddada miki kada Inna ta ji, saboda nata hawan jinin. A bar ta a kan cewa harkar kasuwanci ce ta riƙe shi. Na je ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, na gaishe shi daga bakin ƙofa. Yana kwance cikin bargo har wuya, ya ɗaga mini kai. An ce likita ya hana a dame shi da surutu, ni kuwa kin san ni da baki, sai na kama gabana.

Yanzu ki gyara zama. Kin sha tambayata wai me nake karantawa shekara uku, ga shi a taƙaice. Wasu mutane ne da ake kira Gotawa, jarumai na gaske, amma ba su iya fasa ganuwa ba. A filin daga sai su, da sun ga bango sai su tsaya suna sosa ƙeya. To a shekara ta 408 shugabansu Alarik ya zo birnin Rum, birnin da ya yi wajen shekara ɗari takwas maƙiyi bai taka cikinsa ba. Bai taɓa ganuwar ba. Ƙawanya kawai ya yi wa garin, ya tare kogin da jiragen hatsi ke bi, ya zauna yana jira. Da yunwa ta ci Rumawa suka nemi sulhu, kin san abin da ya sa a cikin abin da za a ba shi? Bayan zinariya da alharini, har da buhunan masoro. Mutumin ya san daɗin miya.

Sarkin Rum kuwa ba ya ma garin. Yana can wani birni da fadama ta kewaye, Ravenna, na je na gani da idona. Ana ba da labari, ko gaskiya ne ko ƙagen maƙiya, wai kajinsa yake kiwo yayin da mutanensa ke mutuwa. Duk lokacin da na tuna sai in yi dariya ni kaɗai a library har Turawa su waiwayo. Ta yaya mutum zai rasa sanin abin da ke faruwa a gidansa?

Ki rubuto. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Mijinyawa

*

Malumfashi
6 ga Fabrairu, 1989

Malam Mijinyawa na Gotawa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka. Takardarka ta iso, na kuma sha wahala kafin in karanta ta. Har yanzu rubutunka na bahagon da aka tilasta wa dama ne, kamar kaza ta taka tawada.

Na ƙirga. Layi bakwai ka ba mahaifinka, layi ashirin ka ba arnan da suka mutu tun kafin a haifi kakan kakanmu. Sannu da ƙoƙari. Masoro dai ko a kasuwar Malumfashi akwai, da sun zo nan da ba a kai ga yaƙi ba.

Ina da tambaya, kuma kada ka amsa mini da Alarik. Da ka ce da sauƙi, kai ka gani ko faɗa maka aka yi? Ni ban taɓa jin Bahaushen da aka tambaya jikin maras lafiya ya ce babu sauƙi ba, ko da ana haƙa kabari. Ka zauna kusa da shi? Ya kira sunanka? Gani ya kori ji, auta.

Inna ta fara shan jinin jikinta. Ka san duk wata Baba yakan aiko mata da kaset da muryarsa, tunda ba ta karatun boko. Wata biyu ke nan babu. Jiya ina tsefe mata kai ta ce, “Turai, ko laifi na yi wa Alhaji?” Na ce aiki ne ya yi masa yawa. Ban taɓa yi wa Inna ƙarya ba sai a kan wannan, kuma ku biyu kuka sa ni. Wayar gidanmu ta lalace tun damina, na je Funtua na buga sau biyu, Yaya Badaru ya ce Baba yana barci. Mutumin da ko azahar ba ya runtsawa.

Ka ajiye littafi ka je ka gano mini ubana.

Yayarka,
Turai

*

Whitechapel, London
20 ga Fabrairu, 1989

Yaya Turai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karɓi wankin babban bargo, na gode. Amma ki yi mini adalci. Supervisor, malamin da ke duba bincikena, ya ce in miƙa babi na huɗu kafin ƙarshen Maris, in ba haka ba sai baɗi. Duk da haka na je sau biyu. Na farko nurse na ciki, na biyu yana barci da gaske, na leƙa na gani. Ya ɗan rame a fuska, amma wane ne zai yi jinya bai rame ba? Yaya Badaru shi ne babba, shi ke kwana da shi, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Ba zan je gidan ubana in riƙa bincikar yayana kamar ɗan sanda ba.

Kin ce kada in amsa da Alarik, to ba amsa ba ce, hira ce. Ina kan babin yunwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda manyan Rum suka riƙa yin kamar babu komai. Aka rage rabon abinci zuwa rabi, daga baya zuwa kashi ɗaya cikin uku, gawa ta yi yawa har ba wajen binnewa, tunda maƙabartu na bayan ganuwa. Daga waje kuwa in ka duba, bango lafiya lau, ko tsaguwa babu.

Bayan shekara biyu Gotawa suka dawo, a karo na uku, suka shiga birnin ba tare da sun fasa komai ba. Daga ciki aka buɗe musu ƙofa. Masana sun kasu biyu. Wasu sun ce bayi ne suka buɗe. Wasu sun ce wata mata ce mai daraja ta sa barorinta su buɗe, don ta kasa jure ganin mutane na mutuwa da yunwa. Ni a babina na ce ko wane ne, sunansa maci amana. An ba ka tsaron ƙofa, tausayi ba hujja ba ne. Mu ma ai mun ce da ɗan gari akan ci gari. Supervisor ya ce na cika zafi, na ce masa a garinmu aka gina ganuwa, mun san darajarta.

Ki ƙara lallaɓa Inna. In Allah ya yarda kafin azumi Baba zai yi mata kaset da kansa.

Naki,
Mijinyawa

*

London
22 Fabrairu 1989

Hajiya Turai,

Salamu alaikum. Ni ne Damata, mai dahuwa na gidan Alhaji. Kin san ni, lokacin da kin zo London ni na koya miki waken Kumasi. Mijina Inusah ne yana rubuta, ni ina faɗa. Na samu adireshi a bayan ambulan da kin aiko ma Alhaji Badaru. Ki yafe ni, ba wurina ba ne, amma na kasa barci.

Hajiya, Alhaji ba shi da sauƙi. Gefen dama duka ya mutu, hannu da ƙafa. Magana ya tafi, sai kalma ɗaya ɗaya. Amma ba wannan ne zai kashe shi ba. Alhaji ba ya ci abinci.

Kullum ina dafa. Alhaji Badaru ya ɗauki tire ya kai ɗaki, ya ajiye, ya fito, ya rufe ƙofa. Bayan awa ɗaya ya shiga ya ɗauko. Tuwo yana nan yadda na kwashe, ko yatsa bai taɓa ba. Farko ina dafa kwano ɗaya, na rage ya koma rabi don kada a zubar, yanzu cokali uku nake sawa, shi ma yana komowa. Sai tea da madara da nurse ya ajiye da bututun roba, wannan yana sha, don ba ya bukatar hannu. Nurse ya sa masa cokali a hannun hagu, ya ce, come on, try. Alhaji ya saki cokali ya faɗi ƙasa. Nurse ya rubuta a takarda wai ba shi da appetite.

Ni na ga idon shi lokacin da ƙanshin miya ya shiga ɗaki. Wannan mutum yana jin yunwa, Hajiya. Sau ɗaya na ɗauki cokali zan ba shi, ya juya fuska ga bango, hawaye yana zuba. Ni ba matar shi ba, ni ba ’yar shi ba.

Na faɗa ma Alhaji Badaru, ya ce ciwo ne, in tsaya a kicin. Ya ce duk wanda ya kai magana Najeriya ya bar gidan. Shekara tara ina aiki nan. In ya kore ni, Allah yana nan. Amma ban iya wanke kwanon da mutum bai ci ba kullum kullum in yi shiru.

Ki yi wani abu. Na gaishe da Hajiya babba.

Damata

*

Malumfashi
6 ga Maris, 1989

Mijinyawa,

Babu doguwar gaisuwa yau. Wani abokin maigida zai tashi ta Kano gobe, shi zai kawo maka wannan hannu da hannu. A ciki akwai takardar Damata. Karanta ta tukuna, sannan ka dawo kan tawa.

Ka karanta? To innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ofis na buɗe ta, sai da mataimakiyata ta riƙe ni. Takardarka da tata rana ɗaya suka iso. Ɗaya daga mai neman digiri na uku, yana ba ni labarin yadda aka rage wa mutanen Rum abinci zuwa rabi. Ɗaya daga matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa, tana ba ni labarin yadda aka rage wa ubanmu nasa zuwa cokali uku. Ni ina Malumfashi na riga ka sani, kai da ke hawa jirgin ƙasa ka isa gidan kafin shayi ya huce. Wane ne mai kiwon kajin yanzu?

Kuma a duk duniya kai ne bai kamata a yi wa bayani ba. Ka manta ɗankwalin Inna da Baba yake sa a ɗaure maka hannun hagu da shi in za a ci abinci? Shekara biyu kana kuka kana zubar da miya a riga, yana tsaye a kanka yana cewa gara ka kwana da yunwa da ka ci da hagu a gidansa. Kana tsammanin mutumin da ya faɗi haka zai kai hagu bakinsa don wata Baturiya ta ce ya gwada? Sannan ka taɓa ganin Baba yana cin abinci? Ni ban taɓa ba. Turakarsa ake kai masa, a sakaya ƙofa. Ba zai ci da hagu ba, ba zai buɗe baki a gaban ɗan da ya haifa ba, ba kuma zai roƙa ba. Kun kewaye shi da ladabi kuna kallo yana ƙarewa.

Ka tashi yanzu, ba gobe ba. In Yaya Badaru ya ce yana barci, ka ture shi ka shiga, ni na sa ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka yaye bargon nan ka duba, ka rubuto mini abin da ka gani, ba abin da ya dace a faɗa ba. In na sake ganin “da sauƙi” a takardarka, wallahi sai na ƙona ta.

Ban gaya wa Inna ba tukuna. Ina jiran idonka.

Turai

*

Regent's Park, London
11 ga Maris, 1989

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun. Daga gidan Baba nake rubutowa, na kwaso kayana na dawo nan.

Ranar Alhamis da hantsi mutumin ya kawo mini takardarki. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofar flat, ban ko kulle ba na ruga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na isa na buga ƙofar gaba, shiru. Yaya Badaru ya fita karɓo magani, kuma ashe in zai fita kullewa yake ya tafi da makulli. Ina tsaye sai na ji motsi ta gefe. Damata ce ta buɗe ƙofar kicin, ta ce, “Shigo maza, Malam, tire yana ciki.”

Yaya, na yaye bargon. Ban san yadda zan faɗa miki ba. Kin tuna hannun Baba, wanda in ya dafa kafaɗarki sai kin ji nauyinsa har ƙafa? Na zagaye damtsensa da yatsa biyu, suka haɗu. Zoben azurfarsa an cire an ajiye a kan tebur, don zamewa yake. Haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa ta cikin riga. Ga tuwon shinkafa da miyar kuka a gabansa yana tururi, ga cokali, shi kuwa ya kafa wa rufin ɗaki ido. Na ji kamar an buga mini taɓarya a ƙirji.

Na durƙusa na ce, “Baba, ni ne Mijinyawa.” Ya dube ni, ya gane ni sarai, hankalinsa bai taɓu ba. Na ɗebo tuwon a cokali, na ce, “Baba, don Allah.” Ya dubi cokalin, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Sai ya rufe ido ya juya ga bango. Da kyar ya haɗa kalma ɗaya, ya ce, “Fita.”

Na fito na ci karo da Yaya Badaru a kan matakala, da ledar magani a hannu. Ya ce, “Wa ya buɗe maka?” Bai jira amsa ba ya ɗaga murya, “Damata! Haɗa kayanki!” Ban taɓa yi masa tsawa ba tun da aka haife ni, ranar na yi. Na ce, “Yaya, yunwa ce ke kashe shi, ba ciwo ba!”

Ya ce, “Kai me ka sani? Kana can kana yawon kango a Italiya ni ina asibiti. Da hannun hagu ya cakumi rigata, ya ce, ‘Karimatu, a'a.’ Sunan Inna ya kira, sau uku yana faɗa. Ba ya so Inna ta gan shi a haka, ba ya so kowa ya gan shi. Alkawari na ɗauka. So kake in karya?”

Na ce, “To abincin fa?”

Ya ce, “Shi ya sa nake rufe masa ƙofa! Na san ba zai ci da hagu a gaban mutane ba. Na ce in ba kowa, tsakaninsa da Allah, zai ci. Da na ga yana dawowa sai na yarda da nurse cewa ciwon ne ya ɗauke masa sha'awa.”

Na ɗaga masa hannuna na hagu kawai, na ce, “Ka tuna ɗankwalin?” Ya daɗe yana kallon hannun. Sai ledar ta suɓuce, kwalabe suka gangara, ya zauna a kan matakala ya rufe fuska. Mutum mai shekara arba'in da ɗaya yana kuka kamar yaro, yana cewa, “Sati tara. Ni nake kai masa, ni nake ɗaukowa.” Na tsani abin da ya yi, amma na kasa tsanarsa. Duk abin da aka koya mana a gida shi ya bi, bai tsallake ko ɗaya ba. Ni da ban bi komai ba sai littafi, ina bakina?

Jiya bayan Juma'a na tsayar da wani malami a masallaci na yi masa bayani. Ya ce mai lalura babu laifi a kansa ya ci da hagu, addini ba ƙunci ba ne. Na dawo na faɗa wa Baba daga bakin gado. Ya gyaɗa kai, wato ya sani, ai ya fi ni karatu. Da yamma tire ya fito yadda ya shiga.

Likita ya zo yau. Ya auna shi, ya ce in nan da kwana goma bai fara ci ba, za su mai da shi asibiti su zura masa roba ta hanci. Ya faɗa da Turanci, amma Baba yana ji. Kallon da ya yi mini, Yaya, na tabbata in aka yi masa haka ba zai kai azumi ba.

Mutum ɗaya ce a duniya ta taɓa ganin Baba yana ci. Ki gaya mata. Yaya Badaru ya ce shi ba zai iya cewa a karya alkawarin ba, amma da kansa ya je ya yi booking, tikitin Inna na cikin ambulan ɗin nan, mutumin da ya kawo takardarki zai koma gobe, shi zai kawo miki. Damata tana nan, ba inda za ta.

Ki yafe mini.

Mijinyawa

*

Malumfashi
15 ga Maris, 1989

Auta,

Wa alaikumus salam. Wannan takardar a jakar Inna za ta zo, in kana karanta ta to ta sauka lafiya. Maigida zai raka ta har cikin jirgi, akwai wata ma'aikaciyar jinya ’yar Katsina da za ta zauna kusa da ita.

Na kwana biyu ina shirya yadda zan faɗa mata. Na sa ta sha maganinta, na kira Gwaggo ta zauna kusa, na ajiye ruwa a buta ko za ta suma. Na fara kewaye-kewaye, wai Baba ya ɗan yi rashin lafiya, wai ana dubawa. Ta katse ni. Ta ce, “Shanyewar jiki ne?” Na ce e. Ina jira ta yi salati ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta ce, “Wane hannu?”

Na ce, “Dama.”

Ta ce, “Tun yaushe?”

Na ce, “Wata uku.”

Ta ce, “To me yake ci?”

Mijinyawa, tsigar jikina ta tashi. Abin da ya gagare ku, ku biyu da likita da nurse sati tara, ta gano shi a tambaya huɗu tana zaune a kan tabarma. Ba ta jira amsata ba. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwarya, ta ce a surfa gero. Har la'asar tana tsaye a kan masu daka, ga tsamiya, ga kuka, ga daddawa, ga yajin da take haɗa masa da kanta. Jinin da muka yi ta jin tsoro, na auna da yamma, ya fi nawa kyau.

Na gaya mata abin da Baba ya ce a asibiti, don kada ta je ta ji a bakin wani. Ta ce, “Shekara arba'in da uku yana cewa a'a ina jin abin da yake nufi.” Sai da aka gama ɗaure kaya ta zauna ta yi kukanta, kuma ba don ciwon ba. Cewa ta yi, “Da na ce ko laifi na yi masa, kika dube ni kika ce aiki ne.” Wannan maganar za ta daɗe tana cina.

Akwai turmin atamfa a ƙasan akwatin, na Damata ne, daga Inna. Ta ce ita za ta fara gaisarwa kafin ku. Ku kuma ta ce kada wanda ya zo mata da bayani.

Wata tambaya, malamin tarihi. Matar nan ta Rum da ka ce sunanta maciya amana, ita ma a kicin aka ce ta tsaya?

Ka rubuto ranar da ta iso, ko layi biyu ne. Ina nan ba na iya komai sai addu'a.

Yayarka,
Turai

*

Regent's Park, London
19 ga Maris, 1989

Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Inna ta iso jiya da safe. Ba ta ko cire mayafi ba ta wuce kicin, ta rungume Damata, ta dama kunun tsamiya da hannunta. Ta hau sama da kwanon, mu uku muna biye. Da Baba ya gan ta ya ja bargo da hagu zai rufe fuska. Ta ce, “Alhaji, sannu da jiki,” kamar jiya suka rabu. Ta waiwayo ta ce mana, “Ku ba mu wuri.”

Muka zauna a kan matakala. Shiru, shiru. Can sai muka ji cokali ya taɓa kwano. Yaya Badaru ya damƙe gwiwata har yanzu wurin na ciwo.

Ƙofar ba ta rufu duka ba, kuma Allah ya yafe mini, na leƙa. Ba ba shi take yi a baki ba, Yaya. Ta zauna a gefensa na dama, ta sa cokalin a cikin mataccen hannun, ta naɗe yatsunsa da nata, tana ɗaga hannun zuwa bakinsa. Fuskarta kuwa ta juya ta ga taga, tana kallon itatuwa, kamar ba ta san ana cin abinci a ɗakin ba.

Da damansa ya ci. Rabin kwano jiya, yau ya shanye.

Ba zan ce miki da sauƙi ba, kin hana ni. Likita ya ce a jira a gani. Na karɓo babi na huɗu daga wajen supervisor, na ce akwai shafin da zan sake.

Inna ta ce ki aiko da ƙarin yaji, wanda ta zo da shi ba zai kai sallah ba.

Wassalam,
Ƙanenki Mijinyawa